Shekara Uku Ina Amsa Sunan da Ba Nawa Ba

Tun ina aji huɗu na firamare ake kirana Likita a gidanmu. Inna ce ta laƙaba mini, saboda duk kazar da ta karye a unguwarmu ni ake kawo wa, in samu kara da tsumma in ɗaure mata ƙafa. Wasu su warke, wasu su ƙare a tukunya. A cikin garin Sakkwato aka haife ni. Mahaifina majemi ne, kuma ni ne babban ɗansa namiji cikin mu tara. Burinsa ɗaya a duniya, ya ga ɗansa ya bar warin fata ya sa farar riga.

Sau biyu ina zana jarrabawar JAMB da niyyar karatun likita a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sau biyu makina bai kai ba. Ina shirin ta uku hawan jini ya kayar da Baba a majema, ɓarin jikinsa ya shanye, bayan wata huɗu Allah Ya yi masa rasuwa. Ranar sadakar arba'in kawuna ya ja ni zaure ya ce, "Ɗana, gidan ga ba ya iya jiran karatun shekara shida. Tafi Gwadabawa ka yi na malaman asibiti, shekara uku ka fito ka riƙe ƙannenka." Ban yi musu ba, amma na shiga motar Gwadabawa kamar wanda za a kai kurkuku.

Ga wanda bai san tsarin ba, karatunmu hawa-hawa ne. Akwai ƙaramin malamin lafiya da ake kira JCHEW, shekara biyu, wanda yawancin aikinsa cikin gari ne, gida-gida. Akwai CHEW, shekara uku, wanda na yi. Sama da su akwai CHO, jami'in lafiyar al'umma, wanda sai ka yi aiki ka goge sannan ka koma asibitin koyarwa ka ƙara karatu. Dukkanmu hukuma ɗaya ce ke yi mana jarrabawar ƙasa ta ba mu lasisi, wadda aka kafa da doka a 1992. Malamanmu ba sa gajiya da ambaton taron duniya kan kiwon lafiya da aka yi a Alma-Ata a 1978 da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yaran da ya riƙe ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, wanda ya dage sai an kai kiwon lafiya matakin farko har ƙauyen da likita ba zai taɓa kwana ba.

An koya mana sassan jiki, magunguna, awon ciki, karɓar haihuwa, rigakafi, ɗinkin ƙaramin rauni. A jikin lemo muka fara koyon allura kafin a bar mu mu taɓa mutum. An tura mu ƙauye mu ƙirga gidaje, mu zana taswira, mu rubuta rijiya nawa ce da masai nawa. Wannan ɓangaren raina shi na yi ƙwarai. Ni da na so in riƙe wuƙar tiyata, ga ni ina leƙa masan mutane.

Sai kuma littafin. Standing Orders sunansa, kuma shi ne iyakar gonarmu. Kowane ciwo da shafinsa: abin da za ka tambaya, abin da za ka duba, in ka ga kaza ka yi kaza. A wurare da yawa ƙarshen layin kalma ɗaya ce, a tura shi gaba. Wani dattijon malaminmu yakan ɗaga shi sama ya ce mana wannan shi ne likitan da ke tsaye bayanku, ranar da kuka rufe shi kun zama 'yan kemis masu lasisi. Mukan yi dariya. Na haddace littafin tsaf don in ci jarrabawa, kuma na ci da kyau.

Aka tura ni wani ƙauye a gabashin jihar. Asibitin sha-ka-tafi ne mai ɗaki uku, gado biyu, da firij mai aiki da hasken rana don alluran rigakafi. Mu uku ne: ni, da wata malama JCHEW da ta kusa haifata, da mai gadi wanda shi ne kuma mai yankan kati. Zuwa babban asibiti mafi kusa awa ɗaya da rabi ne da rani. Da damina kuwa sai yadda rafi ya ga dama.

Ranar farko wata tsohuwa ta durƙusa ta ce, "Likita, sannu da zuwa." Na ce mata, "Iya, ni ba likita ba ne, malamin asibiti ne." Ta ce, "To, Likita." Mako biyu ina gyara wa mutane, daga nan na bari. Daga bari sai na fara jin daɗi. Na ɗinka farar riga har gwiwa, na sayi abin sauraren ƙirji ina rataya shi a wuya har ranar kasuwa. Ana kawo mini ƙwan zabi, albasa, damin gero. In an yi ɗaurin aure, tabarmar mai gari ake nuna mini. Abin da JAMB ta hana ni, ƙauye ya ba ni kyauta, kuma ban tsaya tambayar kaina ko kallon kitse ake yi wa rogo ba.

Gaskiya na yi aiki, ba zan zalunci kaina ba. Na yi ta fama da iyaye kan rigakafin ƙyanda da shan inna. Lokacin ne jihar ta fara raba wa masu ciki ƙwayar misoprostol ta tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da man chlorhexidine na cibiyar jariri, muka bi unguwarzoma ɗaya bayan ɗaya muna roƙonsu su daina gasa cibiya da tsumma da toka. Yara da yawa sun tashi a hannuna da ruwan gishiri da sukari kawai. Amma mutanenmu ba sa ganin ka yi musu magani sai ka huda su. Allura da ƙarin ruwa su ne martabar malamin asibiti a ƙauye, ni kuma na ba su abin da suke so. A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin sauke wasu ayyukan likitoci da ungozomomin asibiti a kan irinmu saboda ƙarancin ma'aikata, da sharaɗin horo da sa ido. Ni dai rabin farkon kawai kunnena ya ji. Littafin ya koma cikin durowa har gara ta ci gefensa. Tura mara lafiya gaba ya zame mini abin kunya, don kada a ce Likita ya kasa.

Cikin watan Agusta ne, a daminata ta uku a garin, bayan la'asar. Wani manomi ya shigo da 'yarsa saɓe a kafaɗa, matarsa na biye da zane a ka. Shekararta uku. Kwana uku tana zazzaɓi, ta shiɗe sau biyu, an yi hayaƙi, an ba ta rubutu, an sayo farasitamol a kemis. Na tsaga yatsarta na ɗiga jini a abin gwajin maleriya, layi biyu suka fito tun kafin in ajiye shi. Jinin ma da ya fito tsararo ne, kamar an surka zoɓo. Na ja fatar idonta ƙasa: fari fat, kamar takarda. Na buɗe tafin hannunta na ɗora kusa da na uwarta, nata kamar an wanke shi da toka. Na ƙirga numfashi da agogona, ya haura 50 a minti ɗaya, alhali yaro mai shekarunta in ya kai 40 ma an shiga damuwa. An kawo ruwa a cokali, ta kasa haɗiyewa.

Na san shafin. Ko cikin barci aka tashe ni zan karanto shi: a yi mata allurar artesunate ta farko, a kiyaye kada sukarin jininta ya faɗi, a tura ta nan take inda ake ƙarin jini. Malamar nan ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya don kada iyayen su ji, ta ce, "Malam, ɗiyar ga jini take so, ba ruwa ba. Mu nemi mota tun da rana."

Na faɗa wa uban, amma da sanyin baki, irin faɗar da kake yi kana jiran a ƙi. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu ya ce, "Likita, wallahi ko sisi ba ni da shi sai kaka ta yi. Bayan Allah kai muka sani. Ɗan maƙwabcina ma ai kai ka tashe shi bara."

Shekaru na yi ina gaya wa kaina talaucinsa ne ya sa na riƙe ta. Ba haka ba ne. Akwai kuɗin mota a aljihuna ranar, albashi bai daɗe da shiga ba. Akwai direba a garin da in na aika zai zo, rafi kuma bai cika ba tukuna. Maganar nan ce ta "kai muka sani" ta shige ni kamar zuma. Na yi mata allurar, sannan na nemi jijiya na rataya ledar ruwa a ƙusar bango. Malamar ta dube ni, ta dubi ledar, ta ɗauki mayafinta ta fita ba ta ce uffan ba.

Da magariba zazzaɓin ya sauka, har uwar ta yi murmushi. Na je na yi sallah ina jin kaina. Ledar farko ta ƙare na sa ta biyu. Wajen ƙarfe biyu na dare hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa, mai gadi ya buga mini ƙofa. Na haska ta da tocila. Fuskarta ta kumbura, haƙarƙarinta na shiga yana fita, kowane numfashi da ɗan gurnani a ƙarshensa. Na sa abin sauraren nan da nake yawo da shi kasuwa, na ji ƙirjinta na ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Na cire ruwan da sauri. Daga baya ne na fahimci abin da na aikata: zuciyar da jini ya yi wa ƙaranci tana gudu ne da ƙyar, in ka ɗura mata ruwa sai ta gaza, ruwan ya koma huhu.

Sai da asuba muka samu mota, da kuɗin nan dai da ke aljihuna tun jiya. Muka tarar rafi ya kawo. Muka tsaya bakinsa fiye da awa ɗaya muna kallon ruwa yana wucewa da karan dawa. Ina gaba, su suna baya. Ban san lokacin da gurnanin ya tsaya ba. Na dai ji uwar ta ce, a hankali, "Malam, rufe mata ido." Da mijinta take.

A wurin jana'iza uban ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Likita, ka yi iya ƙoƙarinka, kwana ne ya ƙare." Da ya zage ni, ko ya kai ni gaban mai gari, da na samu sauƙi. Da kaka ta yi sai ga shi da kuɗi ƙulle a leda, ya sayar da wake, wai kuɗin ruwa leda biyu da allura. Na ce ya bar shi. Ya ce bashin mamaci ba ya kwana a wuyansa. Na karɓa, don ban da bakin da zan gaya masa dalilin ƙi.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Barci ya ƙaurace mini. In na rufe ido sai in ga tafin hannun nan. Na rame har Inna ta fara nemo mini rubutu, tana zaton sammu ne. A wurin aiki kuma sai na koma ɗaya gefen: yaro ya zo da mura, in rubuta takarda in ce a tafi babban asibiti. Mutane suka gaji suka koma kemis. Wata rana malamar ta rufe ƙofa, ta jawo durowa, ta ɗauko littafin da gara ta ci ta ajiye a gabana. Ta ce, "Da ka riƙe kowa, yanzu ka kori kowa. Duka biyun ba nan ka duba ba. Ni ban kai ka karatu ba, amma shekara ashirin ban taɓa jin kunyar buɗe shi gaban mara lafiya ba."

Da na zo hutu gida na je wurin wani malamin zaure da Baba ke ɗaukar karatu wurinsa, na kwashe komai na faɗa masa. Ina fatan ya ce ƙaddara ce, in tashi. Ya ce ajali gaskiya ne, babu mai ƙara wa rai daƙiƙa. Sannan ya jawo hadisin da ke cikin Abu Dawud, cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin maganin ba, to alhakin abin da ya faru na wuyansa. Ya ce, "Kai kana da ilimi, amma iliminka da kansa ya gaya maka inda zai tsaya, ka tsallake. Ka nemi gafarar Allah, ka kuma nemi mai haƙƙi."

Sai da na yi wata biyu ina ɗaga ƙafa. Na same shi a gona yana kaftu, na tsuguna, na ce masa ni ba likita ba ne, ban taɓa zama ba. Na ce tun la'asar na san jini take bukata, ina da kuɗin mota, kuma ruwan da na sa mata ya ƙara mata wahala. Na ajiye ledar kuɗinsa, yadda ya ƙulle ta ban kwance ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Na ji. Na yafe maka, Allah Ya yafe mana. Amma uwarta kada ta ji wagga magana." Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba. Daga ranar bai sake kirana Likita ba, sai Malam.

A 2017 sanƙarau ya ɓarke, nau'in C, ya taso daga Zamfara ya shigo mana da Kabi da Katsina da Neja. Aka kwashe mu zuwa wani sansanin jinya, muna yi wa mutane allurar ceftriaxone a ƙarƙashin rumfa cikin zafin bazara. Karo na farko ke nan da na yi aiki kafaɗa da kafaɗa da likita na gaske, yaro ne ma, na girme shi. Wata rana aka kawo wani da alamominsa suka rikice. Ya duba, ya sake dubawa, sai na ji ya ce a gaban kowa, "Ban gane wannan ba, bari in kira babbana." Ya fita da waya a kunne. Na tsaya sororo. Mutumin da ya yi shekara shida, ya yi horon asibiti, bai ji nauyin wannan kalma ba, ni da shekara uku na ɗauke ta abin kunya har ta ci rai.

Da dare muna shan shayi na ba shi labarina. Shi ya fara gaya mini cewa a Amurka akwai masu aiki irin namu da ake kira mataimakan likita. A 1965 wani likita, Eugene Stead, ya buɗe karatun a Jami'ar Duke da tsofaffin ma'aikatan jinyar sojan ruwa guda huɗu, saboda ƙarancin likitoci. Yau sai mai digiri ke shiga, ya yi shekara biyu da 'yan watanni ya fito da digiri na biyu. Suna duba marasa lafiya, suna rubuta magani, suna taimakawa a tiyata, amma an gina aikin ne a kan cewa akwai likitan da suke komawa gare shi. Gana ma da wannan suna take kiran nata, Kenya kuma tana da nata masu kama da su. Ya ce, "Ku a nan an ba ku rabin tsarin. An ba ku aikin, ba a ba ku wanda za ku kira ba." Ya karɓi wayata ya sa lambarsa. A ganina wannan ita ce babbar ɓarakar aikinmu har gobe: jiha mai ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, yawancin likitocinta na cikin birni, malamin ƙauye kuwa daga shi sai littafi, in ma bai bar wa gara ba.

Shekara ta gaba na samu gurbin karatun CHO a asibitin koyarwa na nan Sakkwato, shekara biyu. Mun zaga ɗakin yara, ɗakin haihuwa, ɗakin gaggawa, mun koyi tafiyar da asibiti da sa ido kan na ƙasa da mu. An kai mu asibitin masu ciwon noma, mai cinye fuskar yara, inda na koyi buɗe bakin duk yaro mai tamowa in duba dasashinsa, don ciwon da ke cinye fuska daga ɗan gyambo yake farawa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a ɗakin yara ya faru. Aka kawo wani yaro fari fat, numfashi sama-sama, kamar an dawo mini da ita. Aka auna jininsa, aka ɗebi na ƙanen ubansa, aka rataya ƙaramar leda ja tana ɗiga a hankali. Washegari da na shigo zagaye na tarar da shi zaune yana rigima sai an ba shi ƙosai. Na fita bayan ɗakin na yi kukan da ban yi ba a bakin rafi.

Yanzu ni ke riƙe da wani asibitin mazaɓa, da ma'aikata shida da ɗaliban da ake turo mana. Littafin na kan tebur, a buɗe. A bango na manna lambobin likitoci uku da direbobi huɗu. Muna da asusun mota da kwamitin unguwa ke tarawa duk ranar kasuwa, da sunayen samarin da suka yarda a kira su in ana neman jini. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata da damina ya rage mana irin waɗancan dararen, ko da yake bai kore su ba. Ɗalibi in ya zo, kafin in koya masa neman jijiya sai ya buɗe mini tafin hannun yara ashirin. Masu kirana Likita ina gyara musu, ko sau nawa ne. Inna kaɗai na ƙyale, ita tun zamanin kaji take kira.

Daminar bara, ana gab da azahar, na ɗaga kai na ga mutumin nan a bakin ƙofa. Ya yi furfura. Ya yi tafiyar kusan awa biyu a kan babur, ya wuce asibitoci biyu, da wani yaro ɗan shekara huɗu a gabansa, ƙanen marigayiyar. Muka gaisa, ya zaunar da shi a kan benci. Na ja fatar idon, ja ce. Na buɗe tafin hannun, da jininsa. Gwaji ya nuna maleriya, amma yana sha, yana ci, har yana ƙoƙarin fizge mini biro.

Uban ya taɓa aljihun rigarsa, na ji ƙarar leda. Ya ce, "Malam, duba shi da kyau. In na gaba ne, faɗa mini tun da rana, na zo da kuɗin mota."

Na ce, "Wannan aikina ne, ba na gaba ba, Baba." Na jawo littafin duk da haka, na buɗe shafin a gabansa, na bi layin da yatsa har ƙasa, sannan na ɓallo ƙwayoyin.